Ranar da Aka Ɓalle Mini Ƙofa a Gangara

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da mutanen Gangara suka zo kama ɓarawo a ɗakina suka tarar da ni ba.

Lokacin ina shekara ta biyu da aka turo ni koyarwa a lakol ɗin garin, wato makarantar boko. Ni ɗan Tibiri ne, gwauro, ina zaune a shagon ƙofar gidan wani dattijo, Baba Sanda. Daga lakol sai ɗaki. Ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da kowa, ni kuma na ɗauka hakan shi ne kama girma.

Sai idona na hagu ya fara yi mini wasa, in ja layi a allo in gan shi a karkace. Bayan yawon asibitoci, wani likitan ido a can Nijeriya ya ce ƙari ne na jijiyoyin jini a bayan idon. Ba mugu ba ne, amma yana tsiyayar da ruwa, in an bar shi zai cinye ganin. Maganin kuwa, allura ce ake yi a hannu, in ta bi jini ta kai wurin sai a haska wani jan haske a idon, bai ma kai minti biyu ba. Sai dai ya ja mini kunne: kwana biyar kada rana ta taɓa ni, don maganin yana jikina, za ta ƙone mini fata.

To ga inda wautar take. Tsoro nake a ce malamin lakol zai makance, don haka na faɗa wa kowa zan je Maraɗi kwas na mako guda. Da aka gama aikin na naɗe jikina na dawo a sace bayan rana ta faɗi, na sa sakata, na toshe taga da bargo. (Likita bai ce in zauna a duhu ba, hasken ɗaki ma cewa ya yi yana da amfani. Ni ne da zaƙewa.)

Kwana biyu ina ciki, daga ni sai garin kwaki da jarkar ruwa. Kada ka tambaye ni zancen bokiti. Ina jin dakan mata, ina jin amalanke na wucewa kasuwa. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba. Har na ji Inna Hajo, matar Baba Sanda, tana ce wa maƙwabciya, “Malamin nan ai ko yana gari ko ba ya gari, duk ɗaya.” Na yi kwance ina kallon rufi, abin ya yi mini ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Rana ta uku da hantsi, garin kwaki ya sarƙe ni. Na yi tari, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Can sai na ji muryar Baba Sanda: “Wa ke nan ciki?” Da na amsa da shi ke nan. Amma ni mai digiri a ƙarya, sai na yi tsit. Kafin ka ce me, ƙofar gida ta cika. Wasu na cewa ɓarawo ne, wasu na cewa aljani ne, a kira liman. Ni kuwa na rarumo safa na zura a hannuwa, na ɗaura zanen gado a ka, na maka baƙin tabarau.

Taɓarya uku suka buga, ƙofa ta faɗi, rana ta shigo har tsakar ɗaki. Na kurma ihu, “Rana! Ku tare rana!” na yi cikin ƙarƙashin gado, rabin jikina ya ƙi shiga. Rabin mutanen suka watse suna salati. 'Yan ajina kaf suna kan katanga.

Baba Sanda ya leƙo da sanda a hannu. “Malam, kai na? Mi ya same ka?”

Daga ƙarƙashin gadon na ba da labarin komai. Bai yi dariya ba. Ya sa aka rataya tabarmi biyu a bakin ƙofa, ya kori jama'a. Sannan Inna Hajo ta matso ta bayan tabarmar ta ce, “Ɗan nan, ƙaryar tafiya mun yafe. Amma ka kwanta ciwo a gidanmu ka hana mu ladar dubiya? Mu ba mutane ba ne?”

Wannan maganar ta fi ɓalle ƙofar ba ni kunya.

Sauran kwana biyun, layi aka yi. Kowa ya zo da ɗan kwanonsa, ya tsuguna a rana ya yi mini sannu ta bayan tabarma. Ni kuma ina ciki ina amsawa, “Na gode, Baba. Na gode, Inna,” don shekara biyu a garin, muryar mutum uku kawai na iya ganewa.

Idon ya yi sauƙi, alhamdulillahi. Yanzu ko mura ta kama ni, Inna Hajo nake fara faɗa wa kafin in sha magani.