Ranar da Farfesa Ya Mayar da Ni Kakarsa

Na yi asarar cinikin yini guda, igiyar takalmina kuma ta tsinke a hanya. Abin da na samu shi ne na shiga jami'a da ƙafata, ni da ko aji uku ban gama ba, har na zauna a kujera mai juyawa.

Ƙanin marigayi mijina ne ya jawo. Farfesa muke ce masa, shi ya raɗa wa kansa. Kullum kwat da nektayi, jaka sai ka ce zai hau jirgi, ba komai a ciki sai burushin takalmi. Yakan tsaya a rumfata ta gwanjo ya ce, "Matar Yaya, malaman nan karatu kawai suka sani. Ni takarda na sani. Duk jami'ar nan babu ofishin da zai kayar da ni."

To, malaminsu ya ba su aikin rubutu, a kawo ranar Alhamis kafin sha biyu. Sha biyu ta buga Farfesa yana shagon aski yana koya wa wanzami yadda ake mulkin duniya. Wanda bai kawo ba kuwa sai ya maimaita shekara, sai dai in ya cike fom ɗin uzuri, ya faɗi abin da ya hana shi zuwa, da shaida.

Gogan naka ya rubuta cewa yayansa ne ya rasu. Matar ofishin ta buɗe fayil ta ce, "Wannan yayan naka ka binne shi bara, ka binne shi bara waccan." Allah ya jiƙan mijina, shekara biyar a kabari ba a bar shi ya huta ba.

Sai ya sake wani fom, ya zo mini da murya ƙasa ƙasa. Wai ni ce na kwanta ciwo, shi ya yi jinyata kwana uku. Takardar likita babu, don haka an ce ya kawo majinyaciyar a gani. Na so in kore shi da tsintsiya, sai na tuna surukata Inna. Hawan jini gare ta, kuma ta gama gaya wa duk unguwa cewa autanta ya kusa fitowa. Na dangwala yatsa a fom. Da Turanci yake, ban san abin da ke ciki ba.

Ya ba ni sanda ya ce, "Ki riƙa ɗingishi, ki yi tari. Kada ki ce uffan. Magana tawa ce."

Muka shiga. Matar ofishin, mai tabarau, ta ba ni kujera da mutunci, ta ce, "Sannu Mama. Bari in fassara miki abin da kika sa wa hannu. An ce ke kakarsa ce, shekararki tamanin da biyar, kunnenki ba ya ji, hankalinki kuma yana zuwa yana tafiya."

Na yar da sanda. Na ce, "Tamanin da me?"

Farfesa ya taka mini ƙafa yana raɗa, "Ba kya ji! Ba kya ji!"

"Na ji sarai, shashasha mai igiya a wuya! Ni ce tamanin da biyar? Ni da nake ɗaga dila ni kaɗai? Arba'in da uku, ko wata ɗaya bai hau ba!"

Ya gyara nektayi yana zufa. "Ranki ya daɗe, kuskuren na'ura ne. Sittin da biyar nake nufi."

Na ce, "Albarka."

"To hamsin da biyar. Matar Yaya, ki rufa mini asiri."

"Albarka!"

Mai tabarau ta cire tabarau tana share hawaye. Ta ce, "Kakar taka ce Matar Yaya?" Ta ɗauki hatimi ta buga, tim. Ko ni da ba na karatu na san jan tawada ba alheri ba ne.

Muna fita, wanda babu ofishin da zai kayar da shi ya durƙusa a gaban masu gadi. Wai kada Inna ta ji. Zai ce mata jami'a ce ta roƙe shi ya ƙara shekara, don ba za su iya ba sai da shi.

Na ce, "Shiruna ba kyauta ba ne. Taya."

Ya taya da agogonsa, wanda tun zuwana gidan yake kan ƙarfe huɗu. Ya taya da koya mini Turanci. Na ce wanda na ji yau ya ishe ni har in mutu. Na nemi ya yi mini dakon kaya shekara guda. Ya ce mako ɗaya. Na juya na nufi hanyar gidan Inna da takalmi a hannu. Ya biyo ni yana ƙarawa, har muka kai bakin titi.

A wata huɗu na sallama. Kullum ƙarfe bakwai na safe, dila a ka daga gida zuwa kasuwa, cikin kwat da nektayi. Kuma ba zai sauke ba sai ya faɗa wa 'yan layinmu shekaruna da ƙarfi: arba'in da uku.