Yadda Ake Korar Kyankyasai Kafin Surukarka Ta Sauka

Ka bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari ko ƙwaro ɗaya ba zai kwana a gidanka ba. Ni Barau, mai harhaɗa magunguna a Madina, na gwada su a gidanmu na unguwar Bani Harisa a Nuwambar 1997, mako guda kafin surukata Hajiya Zenabu ta iso daga Kano don Umara.

1. Ƙi shawarar maƙwabci

Da zafi ya fara raguwa, ƙwari kan nemi mafaka a ɗaki. Abdussamad, ɗan Sudan mai gyaran famfo, ya ce zai leƙo ya duba mana. Na yi masa godiya, na tuna masa digirina biyu. Mai ilimi ba ya tambayar mai guduma.

2. Share tsakar gida

Kwashe busassun ganyen dabino da tsofaffin kwalaye. Kwalayen kada ka zubar, wata rana za su yi amfani. Ni na jera nawa a ƙarƙashin matakala, dab da ɗakin baƙi. Ban leƙa cikinsu ba. Kai ma kada ka leƙa.

3. Toshe kowane rami

Kwaɓa siminti, ka bi bango, ka hau rufin bene. A can na ga wani rami mai faɗi, daidai shigar ɓera. Matata Ruƙayyatu ta ce, "Baban Mimi, wannan fa indararo ne."

Na tambaye ta yaushe rabon da ta ga ruwan kirki a Madina, na cika shi taf.

4. Tarbi baƙuwa da alfahari

Na zagaya da Hajiya ko'ina, ina nuna mata aikina. Bayan la'asar hadari ya haɗu. Ruwa ya cika rufi, ya rasa hanya, ya biyo matakala. Kwalayena suka taso suka shiga ɗakin baƙi, kyankyasai jere a kansu.

Hajiya ta naɗe ƙafafu a kan gado, carbi a hannu. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa 'yarta, "Ki ce wa maigidan naki sannu da aiki. Ko a Kano ban taɓa ganin ruwa ya zo da fasinja ba."

5. Ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci

Abdussamad ya hau ya daki simintin sau uku, ruwa ya tafi. Bai yi dariya ba, ya ce kawai da Larabci, "Halas, ya Dakta," wato an gama. Da ma zagina ya yi. Hajiya ta ƙarasa kwanakinta tara a gidansa, wajen matarsa, har yau kuma a waya shi take fara tambaya.

Gargaɗi

Ruƙayyatu ta kulle cokalin gini a akwatinta, ni na yi murabus. Duk wanda ya bi matakan nan gidansa ya cika, kada ya neme ni a kantin magani. Ba ruwana. Ruwan nasa ne.