Motar da Ta Daina Durƙusawa

Wani ne mai shegen girman kai, wanda tunda yake bai taɓa durƙusa wa kowa ba. Ko surukinsa a tsaye yake gaishe shi, hannu ɗaya a aljihu, wai kada karin gugar wandonsa ya lalace.

To, bawan Allahn nan ya je ya sayo wata tsohuwar babbar mota, irin wadda babu sifirin a ƙafafunta, sai jakunkunan iska. Kana tayar da ita injin zai hura su, ta miƙe. Kana kashewa ya kamata ta tsaya yadda take. Amma tasa jakunkunan duk sun tsufa, wasu sun huje. Da ya kashe ta sai ka ji fuuuu, ta fara sauka a hankali, gaba tukuna sannan baya, har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Maƙwabta suka sa mata suna Mai Ladabi. Shi kuwa ba abin da ya tsana a duniya kamar sunan nan.

Ana haka matarsa ta gaji da halinsa, ta tattara kayanta ta koma gidan iyayenta. Wata guda gogan naka yana cin ɗanyen abinci da ƙonanne, rigunansa duk sun ƙare a kwandon wanki. Da wuya ta yi wuya ya shiga mota ya tafi ba da haƙuri.

Ya tarar da surukin a ƙofar gida kan kujera, tsoho mai ciwon gwiwa, sanda a gefensa. Ya tsaya daidai gabansa, ya kashe mota. Fuuuu. Mota ta kai gaba ƙasa, ta kai baya.

Tsoho ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, "Ikon Allah. Kullum haka take yi?"

Kunya ta kama mutumin kamar ya nutse. Ya ce, "Wani lokaci ne kawai, Baba."

Tsoho ya tashi da sandarsa, ya buɗe ƙofa, ya zauna a kujerar gaba ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ya fito. Ya sake shiga. Ya sake fitowa, yana murmushi.

Ya ce, "Shekara uku rabon da in shiga mota ba a ciccibe ni ba. To, ranar Asabar ka zo da ita ka kai ni wurin likitan gwiwa. In mun dawo ka wuce da matarka. Amma fa da wannan motar za ka zo."

Da mai hankali ne, da ya gane. Shi kuwa namu, tun daga can har gida yana huci. Wato dariya tsohon nan yake yi masa! Wato ya zo da ita ranar Asabar a tara dangi a sha kallo! Ya rantse sai ya ba su mamaki.

Washegari da safe sai gareji. Bakanike ya shiga ƙarƙashi, ya watsa ruwan sabulu a jakunkunan, kumfa ta tashi ta ko'ina.

Ya ce, "Yallaɓai, jakunkuna biyu ne suka mutu, da tiyo ɗaya. A canza su, shi ke nan."

"Za ta sake durƙusawa?"

"To, in an shekara biyar, shida..."

"Cire su duka. Sa min ƙarfe."

"Ba laifi, ana yin haka. Akwai sifirin daidai nauyinta, da shokozoba ɗinsa."

Ya ɗauko ya nuna masa. Mutumin ya ɗora ƙafa a kai ya danna, ya ga ya ɗan lotsa.

Ya ce, "Ka gani? Wannan ma mai durƙuson ne. Wancan fa?"

"Wanne? Yallaɓai, wancan na motar ɗaukar bulo ne."

"Yana lotsawa?"

"In ka ɗora masa bulo ɗari biyar, eh."

"Shi nake so."

Bakanike ya goge hannu da tsumma, ya kalle shi sama da ƙasa. Ya ce, "Gaskiya Yallaɓai ka san mota. Mu da muka yi shekara ashirin a ƙarƙashinta ashe barci muke yi."

Mutumin ya ji daɗin yabon, har ya gyara wuyan riga.

Kwana biyu ana yanka ana walda. Da aka sauke ta daga kan jak, babu wanda ya lura an sauke ta. Tana nan a sama. Shi kansa sai da ya kama sitiyari ya yi lilo sannan ya hau. A hanya kuwa ko tsakuwa ya taka sai kansa ya gaisa da rufi. Kafin ya isa gida ya ciji harshensa sau uku. Duk da haka daɗi yake ji, don yanzu ta sama yake kallon maƙwabta.

Ranar Asabar ya sha guga, ya fesa turare, ya nufi gidan suruki. Tsoho na tsaye a ƙofa da sandarsa da katin asibiti. Matar na bayansa, akwatinta a hannu.

Ya tsaya daidai gabansu, ya kashe mota, ya diro.

Tsoho ya tsaya yana jira. Shiru. Ya karkata kunne. Babu fuuuu.

Ya ce, "Ba ta gan ni ba ne?"

Mutumin ya bugi bonet da alfahari. Ya ce, "An wuce wurin, Baba! Na yi maganin ta. Ko shugaban ƙasa ne ya zo, wallahi ba za ta sake durƙusa wa kowa ba."

Tsoho ya dogara sandarsa. Ya matsa, ya buɗe ƙofa. Kujerar tana daidai ƙirjinsa. Ya ɗaga ƙafar dama, gwiwa ta yi ƙara, ya mayar. Ya gwada ta hagu, ita ko tashi ba ta yi ba.

Mutumin na tsaye, hannu a aljihu. Ya ce, "Ɗan tsalle kaɗan za ka yi, Baba. Ni ma haka nake yi."

Matar ta rufe fuska da mayafi.

Tsoho ya mayar da ƙofa ya rufe a hankali. Ya juya wurin 'yarsa ya ce, "Mayar da akwatin nan ciki."

Mutumin ya rikice. "Baba, me ya faru? Gyara ta fa na yi!"

Tsoho ya ce, "Dama a gidanka kaf ita kaɗai ce mai tarbiyya. Ita ma ka zauna ka koya mata halinka."