Majaujawar Gagara-Kuskure

Duk ofishin lantarkinmu babu kamar mataimakin injiniya, wanda muke kira Gagara-Kuskure. In ka gaishe shi, sai ya auna ka da ido tukun, ya ga ko ka cancanci amsa.

Ambaliya ta tsinke wayar da ke kai wuta asibitin ƙetaren kogi, kwalekwale kuma ya kasa ratsa ruwan. Abin da ya rage shi ne a jefa siririyar igiya can, a jawo waya da ita. Shugaban ofis ya ce wanda ya maido da wutar, kujerar babban injiniya tasa ce.

Gagara-Kuskure ya sa aka ƙera masa majaujawa mai harba dunƙulen ƙarfe, ya ƙwace allon ɗakin taro.

"Ku matsa, jama'a," in ji shi. "Wannan lissafin kalkulas ne, ba awon kasuwa ba. Ni zan gaya wa ƙarfe inda zai ƙure sama da inda zai sauka, kuma ba shi da bakin musu."

Layin da ya zana ya lanƙwaso tamkar bakan gizo. Ko fanka ya hana a kunna, kada iska ta taɓa allinsa.

A gwajin farko ƙarfen ya tashi yana jan igiya, ya faɗa tsakiyar kogi tsulum. Na biyu ma haka. Da wani ne, da ya sake duba allo. Shi kuwa, girman kai rawanin tsiya, nan take ya gano mai laifi: igiya. Tana warwarewa tana ƙara nauyi, tana ɓata masa lanƙwasa.

"Abin da bai shiga lissafina ba, ba ya shiga aikina. A kwance ta!"

Aka kwance.

Ranar da shugaba ya zo gani, gwanin ya ci farar hular kwano, ya daidaita kusurwa, ya saki. Ƙarfen ya tashi sakayau, ya dira daidai gindin tutar da mutanen asibiti suka kafa a ƙetare. Gagara-Kuskure ya juyo, ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Shugaba ya ce, "To, malam, ina igiyar?"

"Ga ta nan a naɗe, ranka ya daɗe. Ko jiƙewa ba ta yi ba."

Kujera dai ta kuɓuce masa, asibiti kuma ya ci gaba da zama a duhu. Amma kada a ce ilimi ya tashi a banza. Ma'aikatan jinya sun aiko da godiya: wai ƙarfen ya yi musu daidai wajen tokare ƙofa.