Ranar da Aka Cika Filin Ƙwallon Gora

A wani daji mai yawan kuka da tsamiya, dabbobi sun gina wa 'ya'yansu kwaleji, kuma a bayan azuzuwan akwai wani shimfiɗaɗɗen fili inda ake buga ƙwallon gora. Wasa ne na gudu da dabara. 'Yan wasa goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kowa riƙe da gora mai lanƙwasasshen kai, suna korar ɗan ƙwallo har su zura shi a raga. An jera kututturan itace a gefen filin don 'yan kallo. Shekara uku ke nan ba mai hawa kansu sai ƙadangaru, su ma ba wasan ke kawo su ba, hantsi suke sha.

Kyaftin ɗin ƙungiyar wata gada ce mai suna Tabawa, 'yar ajin ƙarshe. Tana son wasan nan fiye da yadda ya kamata mai hankali ya so abu. Ta ci ƙwallaye masu yawa a shekarun nan uku, amma ba wanda zai ba da labarinsu sai masu tsaron ragar da aka ci, su kuwa ba sa son a ta da zancen. Saura mako biyu ta buga wasanta na ƙarshe da Kwalejin Fadama. Burinta bai taka kara ya karya ba. So take 'yan'uwanta ɗalibai su gan ta tana wasa sau ɗaya, sannan ta tafi ta bar wa na baya filinsu.

To, akwai Dabgi, mai kula da gonar kwaleji, wanda ya daɗe yana wucewa ta gefen filin yana haɗiyar yawu. Ƙasar wurin mai taushi ce, shi kuwa in ya ga ƙasa mai taushi ba a tona ta ba, har zazzaɓi yake yi. Ya yi ta kai maganar gaban shugaban kwalejin, Malam Burtu, har Burtu ya gaji ya yanke hukunci: in ranar wasa da Fadama kututturan ba su cika ba, a ba Dabgi filin ya dasa rogo. Don kada a ce bai yi adalci ba, ya kafa Kwamitin Farfaɗo da Sha'awar Kallo, ya naɗa kansa shugaba, ya naɗa Malama Hawainiya sakatariya, ya sa Dabgin a ciki.

Dalilin rashin 'yan kallo kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfe huɗu ake hura usur a fili, ƙarfe huɗu kuma ake kaɗa ƙararrawar abinci, wanda ya makara ko ƙanzo ba zai samu ba. 'Yan wasan kansu da yunwa suke kwana duk Asabar. Kowane ɗalibi ya san haka. Malamai ne ba su sani ba, domin su har gida ake kai musu nasu a rufe.

Sai dai kwalejin tana da wata al'ada. Ɗalibi ba ya magana da bakinsa a gaban majalisa. Durƙusawa yake yi ya raɗa wa kakakin ɗalibai, shi kuma kakaki ya wanke maganar, ya cire mata duk abin da ya yi kama da ɗora laifi, sannan ya miƙa wa manya. Mai riƙe da muƙamin wani aku ne, Ɗanliti, wanda ya shekara tara a ajin ƙarshe don kada kujerar ta faɗa hannun wanda bai iya ba.

Ranar zaman farko Burtu ya gyara murya ya buɗe taro. "Jama'a, abin da ya tara mu babba ne. Na zauna na yi nazari, na gano cewa kututturan nan ba kowa a kansu. Na ƙara zurfafa nazari, na gano cewa dalilin haka shi ne ba wanda ke zuwa ya zauna. Abin da ya rage mana shi ne mu binciko yadda aka yi waɗannan abubuwa biyu suka faru a lokaci guda. Ni ban taɓa ganin wasan ba, saboda haka ba ni da son zuciya a ciki."

Aka duba aka ga duk kwamitin ba wanda ya taɓa ganin wasan, aka rubuta hakan a matsayin shaidar gaskiyarsu. Dabgi ya ce lalacin yaran zamani ne. Hawainiya ta yi launin ƙasa ta ce lallai lalaci ne. Burtu ya ce shi yana ganin rashin kishi ne. Hawainiya ta yi baƙi ta ce dama abin da take nufi ke nan.

Tabawa ta durƙusa kusa da Ɗanliti ta raɗa masa, "Yaya, ka gaya musu lokacin wasa ne ya ci karo da lokacin abinci. Shi ke nan matsalar."

Ɗanliti ya dube ta a tsorace, domin duka lokutan biyu Burtu ne ya sa su da kansa a shekarar da ya hau kujera. Ya karkaɗe fukafukai ya ce, "Allah ya ja zamanin shugaba. 'Yarku Tabawa tana gaisuwa, tana ƙara gaisuwa. Ta ce hikimar da ta haɗa alheri biyu a ƙarfe huɗu, ga abinci ga wasa, hikima ce da har yau ɗalibai ba su gama mamakinta ba. Ta ce zukatansu suna fili, cikkunansu ne kawai suke ɗakin abinci."

Burtu ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce tunda zukata sun riga sun iso, cikkuna kawai za a ɗauko a kawo. Aka zartar cewa ranar Asabar mai zuwa, da za a yi wasan gwaji, a fili za a raba abinci. Tabawa ta fita tana tunani. Ba abin da ta faɗa ke nan ba, amma ta kasa gano inda laifin shawarar yake, har ta fara sa rai.

Asabar ta zo, ɗalibai suka yi dafifi, har ƙadangaru suka rasa wurin zama. Amma masu girki sun girke tukwanen tuwo a bayan kututturan, don kada ƙura ta shiga miya. Saboda haka ɗalibai ɗari shida suka ja layi da kwanoninsu, kowa ya juya wa fili baya. Tabawa ta ci ƙwallo biyu, duk sanda ta waiwaya ba ta ganin komai sai ƙeyoyi da wutsiyoyi. Sau ɗaya aka yi shewa, zuciyarta ta buga don murna, ashe tukunya ta biyu ce aka buɗe.

Zama na biyu ya fi na farko rikicewa. Aka shafe awa biyu ana gardama ko wanda ya juya baya ɗan kallo ne. Dabgi ya ce ba ɗan kallo ba ne, tunda bai ga komai ba. Burtu ya ce ai su ma ba su taɓa ganin komai ba, ga su kuma su ne kwamitin. Hawainiya ta rasa wanda za ta bi, rabin jikinta ya yi launin ƙasa rabi ya yi baƙi, ta rubuta cewa an cimma matsaya.

Tabawa ta sake durƙusawa. "Yaya, don girman Allah kada ka ƙara komai. Ka ce a jinkirta wasan da awa ɗaya. Su ci su ƙoshi, su juyo su yi kallo."

Ɗanliti ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yarku ta ce wasa mai daraja irin wannan bai kamata a faɗa masa da gaggawa ba. Ta ce a share masa hanya da awa guda, ɗalibai su cika cikinsu da abinci, su cika kunnensu da abin da ya fi abinci."

"Jawabi ke nan," in ji Burtu, idonsa ya kawo ruwa. "Yarinyar nan za ta yi nisa. Na karɓa. Saura batun juya baya, shi ma na gano bakin zaren. Ɗalibi ba fili yake ƙi ba, tukunya yake fuskanta. In tukunya tana gabas, gabas zai duba. To, me zai hana mu girke tukwanen a tsakiyar filin? Duk ta inda ɗalibi ya tsaya, fili yake kallo."

Kwamiti ya ɗauki tafi. Har Dabgi ya tafa, domin bai gane ko shawarar za ta ba shi filin ko za ta hana shi ba. Nan Tabawa ta yi abin da ba a taɓa yi ba tunda aka gina kwalejin. Ta miƙe tsaye ta ce da bakinta, "Ranka ya daɗe, to mu a ina za mu yi wasan?"

A al'ada, maganar da ba ta bi ta bakin kakaki ba, ba a ji ta ba. Hawainiya ta ajiye alƙalami. Burtu ya dubi rufi ya ce, "Ɗanliti, kamar na ji motsi."

"Ranka ya daɗe, murna ce ta kama ta," in ji Ɗanliti.

Ranar wasa da Fadama an yi shiri na gani na faɗa. Aka girke tukwane shida a tsakiyar fili. Da Hawainiya ta tuna cewa sharaɗin shi ne kututture su cika, sai ta sa aka gangaro da su aka kewaye tukwanen. Aka kafa wa manya rumfa a bakin raga ɗaya, don an lura wurin ya fi ko'ina kyan gani. Kafin ƙarfe huɗu da kwata ba masaka tsinke. Shamuwoyin Fadama suka sauka da gororinsu, suka tsaya suna duba takardar gayyata ko gidan suna suka faɗo bisa kuskure. Kafin su gama tambaya an miƙa wa kowa kwano.

Burtu ya yi jawabinsa na awa guda a kan muhimmancin motsa jiki, kowa na zaune. Da ya gama, alƙalin wasa, wani zalɓe da ya zo daga nesa, ya shiga neman tsakiyar fili, ya tarar tana ƙarƙashin tukunyar miya. Ya tambayi wannan ya tambayi wancan, kowa ya nuna masa kwamiti, kwamiti ya nuna masa sakatariya, sakatariya ta yi launin rumfa ta ɓace. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ajiye ƙwallon a gindin murhu ya hura usur, don dai a ce ya hura.

Tabawa ta ji usur ɗin har cikin ƙashinta. Ta san ba za ta ƙara jin sa ba. Ta ɗauki ƙwallon da kan gorarta ta faɗa cikin taro. Ta ratsa tsakanin kwanoni ba ta zubar da ko ɗaya ba, ta kewaye tukunya, ta bi ta ƙarƙashin cikin wani raƙumin dawa ɗan aji biyu, ta yanke shamuwa uku da suka jefar da tuwonsu suka taso mata. Hayaniya ta fara lafawa. Ɗalibai suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya, loma a hannu, sun manta da baki. Ta iso gaban rumfa ta sake shi da duk ƙarfinta. Ƙwallon ya wuce ta saman teburin manya, ya ɗauke hular Burtu, ya shige raga tare da ita.

Ihun da aka yi ranar har tsamiyoyi suka zubar da 'ya'ya. Ɗalibai ɗari shida suna kiran sunanta, suna buga kwanoni, har 'yan Fadama suna tafi. Tabawa ta tsaya ta dogara da gorarta tana kuka, kukan farin ciki, domin abin da ta shekara uku tana jira ke nan.

Burtu ya shafa kansa ya ji ba hula. Ya dubi dama ya dubi hagu cikin ruɗewa, ya ce, "Wai wa ya shigo da ƙwallo cikin taro?"

Washegari kwamiti ya yi zamansa na ƙarshe, Burtu ya karanta hukunci. "Na ɗaya, kututture sun cika, saboda haka fili ya tsira, Malam Dabgi ya nemi wani wurin ya dasa rogonsa. Na biyu, tunda mun gano sirrin tara jama'a, za a ci gaba da taron nan duk Asabar. Na uku, mun lura da wani abu da ya kusa ɓata mana nasara. Wasan da aka yi ya hana 'yan kallo sakewa, ya katse musu cin abinci, ya kuma jefa manyan baƙi cikin haɗari. Ba za mu sha wahalar tara 'yan kallo ba sannan mu bar wasa ya kore mana su. An dakatar da shi har sai an kafa kwamitin da zai duba yadda za a yi shi ba tare da ƙwallo ba."

Tabawa ta durƙusa kusa da Ɗanliti. Ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa, ta rasa abin da za ta raɗa. An ba ta filin da ta roƙa, an kawo mata 'yan kallon da ta roƙa, ta kasa gane ta inda aka bi aka ƙwace mata komai. Ta tashi ta jingine gorarta a bango ta fita.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗanliti, "godiya ta hana ta magana."

Har yau filin yana cika maƙil duk Asabar da ƙarfe huɗu, kwalejojin maƙwabta suna turo wakilai su koyi yadda ake jawo ɗalibai kallon wasa. Gorar Tabawa ma ba a bar ta ta lalace ba. Masu girki sun ce ba su taɓa samun muciya mai kyanta ba.