Ramar da Na Shuka a Sanyuanli

Allah shaida, ba wiwi na shuka ba. Rama ce.

Shekarata ta farko a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou, ƙasar Sin, ba ni da abokin hira sai fankar ɗakina. Kewar kwaɗon ramar mahaifiyata ta dame ni, sai na zuba irin da na taho da shi daga Kano a bokiti uku. Ni ɗan manomi ne, wa zai koya mini? Na ce rama zafi take so da laima. Na toshe taga da bargo, na kunna hita, na rataya ƙwan lantarki, na bar butar shayi tana ta tururi. A garin da bango ke gumi da kansa!

Bayan sati biyar bango ya yi baƙi da funfuna. Tsohuwar da ta ba ni haya ta leƙo, ta ga ganye mai yatsu sak na wiwi a ƙarƙashin fitila, ta ƙwalla ihu. Na ce, “Lawban, meyo, meyo!” wato mai gida, babu, babu. Don ta yarda abinci ne, na tsinki ganye na tauna a gabanta. Nan ta fara watso kayana waje.

Alhaji Sule, ɗan zangon Gana mai jin yarensu, shi ya roƙa aka bar mini ɗakin, aka zubar da bokitan. Ko loma ɗaya ban ci ba.

Yau har na yi jikoki, amma in ya bugo waya sai ya ce, “Alhaji Mai Lambu, kayan sun nuna? A ajiye mini ƙulli ɗaya.”