Injiniya Gagarau Ya Zo Raba Ilimi

Allah ya yi mana baiwa da mutane, amma irin Injiniya Gagarau sai an tona. Ga shi da farar hular kwano wadda siminti bai taɓa ɗiga a kanta ba. Ga biro uku a aljihun gaba, kowanne da ranarsa. Da ya ji ana neman ma'aikata su sa kai su je makarantu don kwaɗaita wa yara kimiyya, kafin a rufe baki ya miƙa hannu. Shi dai a taimaki na baya. Abin da kawai ya fara tambaya shi ne ko za a ɗauki hoto.

Shugabar makarantar da aka tura shi kuwa tana cikin damuwa. Ɗaliban sun guje wa ajin kimiyya, wai akwai wuya, har an ce za a rufe shi idan ba a samu masu shiga ba. Da ta ga Injiniya ya sauko daga mota, sai ta ce abin nema ya samu.

Aka tara yara a babban ɗaki. Injiniya ya gyara murya.

"'Ya'yana, ni da kimiyya tare muka tashi. Akwai gadar da in na wuce ta kanta, har gaishe ni take yi."

Ya ba su labarin jiragen da ya hau, da otal ɗin da aka sauke shi, da manyan da suka miƙe masa. Dokin mai baki ya fi gudu. Kimiyya dai tana bakin ƙofa tana jira a yi mata iso.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Baba Injiniya, me ya sa jirgin ruwa na ƙarfe ba ya nutsewa, amma ƙusa tana nutsewa?"

"Madalla da wannan tambaya! Ki riƙe ta da kyau. Idan kin girma za ki gane."

Sai lokacin gwaji. Aka ajiye masa batir da waya da ɗan ƙwan fitila. Ya naɗe hannun riga. Ya haɗa nan, shiru. Ya juya can, shiru. Ya hura wa batir iska, ya ɗan girgiza ƙwan kusa da kunnensa. Gumi ya fara zuba daga ƙarƙashin hular.

"Abin da nake so ku gani ke nan," in ji shi. "Duhu ma wani reshe ne na kimiyya."

Yara suka tafa, don an ce musu su tafa. Shugaba ta sunkuyar da kai, ta fid da rai da ajin kimiyya.

Washegari, sai ga layi a ƙofar ofishinta har tsakar fili. Kowa kimiyya! Kujeru suka yi kaɗan, aka aro daga wani aji. Labari ya kai wa Injiniya, ya bi ofis-ofis yana shelar cewa da baki kawai ya ceto aji guda.

Shugaba ta kasa haƙuri, ta tambayi yaran abin da ya sauya musu ra'ayi.

Suka kalli juna, sannan ɗaya ta ce, "Malama, da muna tsoro ne, mun ɗauka sai mai ƙwaƙwalwa. Amma in har wannan bawan Allah ya zama injiniya, ai ba wanda zai kasa."